Jan Mayafin Leberecht

Na ƙarar da ƙuruciyata ina bin mijina Leberecht ƙauye-ƙauye a ƙasar Hessen. Shi yana farautar tatsuniyoyi da tsofaffin kalmomi a bakin tsofaffi, ni ina riƙe masa tawada da burodi. Na gaji, ba zan ɓoye ba. In ya ji labarin wata tsohuwa mai baƙon lafazi, ko bayan dutse take sai mun je.

Ranar da abin ya faru bayan Kirsimeti ne, cikin kwanakin nan goma sha biyu da ba a kaɗi. Mata kan ƙarasa ulunsu kafin biki, su ɗaure keken kaɗi, ba mai sake juya shi sai kwanakin sun fita. Mai keken doki ya sauke mu a bakin daji gab da faɗuwar rana.

"Malam, ka zo ba lokaci ba," in ji shi. "Mata ba sa taruwa kaɗi yanzu, wa zai ba ka labari? Ka kai uwargida gida ta gasa ƙafa mana."

"Faɗa masa dai," na ce. "Ni na faɗa har bakina ya bushe."

Leberecht ya yi dariya, ya gyara jan mayafin wuyan da na saƙa masa, ya shige gaba. Muna cikin tafiya, dusar ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalma, sai muka ji wani sauti daga cikin itatuwa. Gurr, gurr. Keken kaɗi ne.

"Kin ji ko, Henrike?" ya ce da raɗa, idonsa na ƙyalli.

"Na ji. Shi ya sa za mu wuce."

Ina! Ya riga ya karkata.

Bukka ce, ƙofarta a buɗe. Murhu babu wuta. Ɗakin na warin ƙasar da aka tona. Wata tsohuwa na zaune, ƙafarta na taka keke, kanta a sunkuye.

"Iya, sannu da aiki."

"Matso kusa, ɗana. Kai ne mai tsintar maganar waɗanda suka tafi."

Ta fara tatsuniya da wani harshe da nake jin rabinsa, kalmomin da Leberecht bai taɓa gani ba sai a tsofaffin littattafai. Ya durƙusa a gabanta. Ko alƙalami bai nema ba, hawaye kawai yake yi.

Ni ban saurara ba, tatsuniyoyi sun daɗe da isata. Hannunta na zuba wa ido, yadda mace ke duba aikin 'yar'uwarta. Sandar da ake naɗa ulu babu komai a jikinta.

To daga ina zaren ke zuwa?

Ja ne. Na bi shi da ido har wuyan mijina.

Mayafin na warwarewa layi-layi. Na dubi bakinsa. A cikin wannan sanyi, numfashinsa ya daina fitar da tururi.

Na kama zaren, na sa haƙori, na tsinke.

Keken ya tsaya.

"'Yata," ta ce a hankali, ba ta ɗago ba, "ke ma mace ce. Kin san ba a barin kaɗi rabi."

Na ja Leberecht ta kwalar riga. Yadda muka kai ƙauye ban sani ba, na dai tuna yana faɗuwa ina ɗaga shi.

Tun daga nan bai sake fita farautar labari ba. Na samu abin da na daɗe ina roƙo, ga shi a gida kusa da murhu. Sai dai bai yafe mini ba. Yakan ɗago ya ce, "Saura kaɗan ta ƙare tatsuniyar, Henrike. Da kin bari."

Na taɓa cire masa guntun mayafin don in ƙone, nan take numfashinsa ya sarƙe, sai da na mayar. Kowace shekara, in kwanakin nan goma sha biyu suka shigo, mayafin kan ragu. Ina ƙara masa sabon ulu, da safe in tarar da sabon a ƙasa. Tsohon zaren kawai tsohuwar nan take ja.

Bana mayafin bai kai ya zagaye wuyansa ba, da allura na maƙala masa a kwala. Gobe Kirsimeti.