Nejat a Tashar Gazawa

"Baba, ita nake so! Wallahi ita ce..."

"Rufe min baki, Ubaidu! Mace da ɗiya a baya, ba a san uban ɗiyar ba? Me zan faɗa wa dangi?"

"Ba da sonta ba ne, Baba. Na yi aikin gini a Libiya, na san abin da ake yi wa mata a gidajen masu safarar mutane."

Malam Barmo, mahaifinsa, ya kakkaɓe riga ya fice. Inna Habi, mahaifiyar Ubaidu, tana bakin murhu tana jin su.

Nejat 'yar Eritiriya ce. Ta bar ƙasarsu tana neman mafaka, aka tsare ta a Libiya, ta kuɓuta ta biyo ta Agadas. Naƙuda ta kama ta cikin mota a Gazawa, Sadiya yayar Ubaidu, wadda take ungozoma a gidan likita, ta karɓi haihuwar, ta kawo ta gidansu da jaririyar, Hayat.

Ranar da Ubaidu ya fara gaishe ta, da Larabcin Libiya ya yi, don shi kaɗai suke ji su biyu. Ta toshe kunnuwa, don harshen waɗanda suka tsare ta ne. Bai sake ba. Da Hausa ya riƙa lallaɓa ta, kalma kalma, yana zaune daga nesa, har ranar da ta yi masa dariya.

Yanzu kuwa Hausar ta ishe ta jin duk abin da Malam ya faɗa.

Da la'asar Sadiya ta same shi a guje.

"Ubaidu, ba ta ɗaki! Ta ɗauki Hayat!"

Ya haye babur. A tasha ya gan ta, tsaye jikin motar Maradi, rungume da yarinyar.

"Nejat... ina za ki?"

"Ko'ina."

"Ni fa?"

"Kai kana da baba. Ni na rasa nawa, na san zafin. Ya tambayi uban Hayat... Ubaidu, ni ma ban sani ba! Su da yawa ne. Suna buɗe ƙofa, su nuna mace da bindiga. Waɗanda muka shiga da su, wasu ba su fito ba..."

Ya miƙa hannu, ta zabura ta ja baya. Ya janye, hawaye na zubo masa.

"Ka gani?" ta ce. "Ko hannunka ba na iya riƙewa. Wace irin mata zan zama?"

"Zan jira, hasken idona. Ko shekara nawa ne."

Direba ya daki bayan mota. "Malama, za ki shiga ko kuwa?"

Ta ɗaga ƙafa kenan aka ji murya daga baya.

"Ke! Ba ni ita nan."

Inna Habi ce, tana haki, ko takalmi babu. Ta karɓe Hayat, ta juya ta a baya, ta ɗaure zani tamau.

"Inna, Malam ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Ni na yi miki wankan jego, ɗiyata. Na ga tabon da ke bayanki, Malam bai gani ba. Ki bar ni da shi." Ta share ido da gefen mayafi. "Mai son Maradi ya tafi. Ni dai jikata zan kai gida, lokacin kununta ya yi."

Ta juya, ko waiwaye babu.

Nejat ta daɗe tsaye tana kuka. Motar ta tashi ba ita.

Sai bayan an gama girbin hatsi Malam Barmo ya sauko. Ranar ɗaurin aure, da liman ya tambayi waliyyin amarya, aka hau kallon juna.

Malam ya gyara zama, idonsa a ƙasa.

"Ni ne," ya ce. "A gidana take."