Wankan Amarya a Kan Ɗanyar Fata

Adawiyya na zaune a tsakar gidansu a Kusada tana tsince wake, sai ga Sumaiya, ƙanwar Abdullatif wanda zai aure ta, ta iso daga Kankia. Biki ya matso. Sumaiya ta ƙura mata ido, ta taɓe baki.

"Matar Yaya, da wannan tabon ƙurajen za ki shigo mana gida? Hajiyarmu har tambaya ta yi, wai halan ƙyanda ce ta yi miki zane."

"Shi Yayan naki bai taɓa cewa komai ba."

"Namiji zai faɗa? Shirya in kai ki shagon ƙawata. Kemikal take shafawa, fatar sama ta saɓule kamar saɓar maciji, sabuwa ta fito fes."

Maganar Hajiya ce ta tsaya wa Adawiyya a rai. Ranar kasuwa, ko washegarinta ce, na manta, ta ce za ta wurin tela, ta bi Sumaiya. Mai shagon ta shafa mata wani ruwa mai zafi kamar barkono, sannan ta ja mata kunne: kada ta shiga rana, kada ta ɓare da hannu, kada soso ya taɓa wurin, har fatar ta zube don kanta.

Adawiyya ta dawo ta lulluɓe da mayafi. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san mahaifinta Malam Sada ba zai lamunta ba. Mutanen gida suka ɗauka kunyar amarci ce.

Ranar wankan lalle Gwaggo Ma'u ta zo daga Kaikai. Ita ke wanke duk amaren dangi, kuma tana alfahari da hannunta. Da ta yaye mayafin, ta ga fuska tana ɓarewa, ta riƙe haɓa.

"Wane irin ƙyasbi ne wannan? Haka za mu kai ɗiya Kankia a yi mana dariya? Ku miƙo mani soso da sabulun salo, ku matso lemun tsami a ruwan."

Amarya ba ta musu da mai wanka, ga tsofaffi cike da ɗaki. Adawiyya ta ce, "Gwaggo, don Allah—" guɗa ta danne sauran. Da soso ya sauka a kan ɗanyar fata ta fasa kuka tana fizge-fizge, mata biyu suka riƙe ta suna dariya.

"Yi kukanki, 'yar nan, mu ma mun yi. Gidan miji ba kabari ba ne."

Sai da ruwan ƙwarya ya sauya launi Gwaggo ta saki soson.

Kafin gari ya waye fuska ta kumbura, tana tsattsafo da ruwa, ido ɗaya ya rufe. Hajiya ta zo da kanta ta gani, ta gyara gyale, ta ce an ɓoye musu ciwon fata, ɗanta ba zai kwaso musu jinya ba. Sumaiya na bayanta, ta ɓoye abin da ta sani. Aka ɗage ɗaurin aure, aka sauke tukwane.

Da la'asar Abdullatif ya yi sallama a zaure. Adawiyya ta fito a lulluɓe, ta faɗa masa abin da aka shafa mata.

"Wa ya kai ki?"

"Ƙafata."

"Adawiyya, na taɓa yi miki ƙorafin fuskarki?"

"Ba ka yi ba. In ka fasa ma, ba zan ga laifinka ba."

Ya ce, "Ki shirya gobe. Na nemi iznin Baba, za mu ga likitan fata a Katsina."

Likita ta ce abin da aka shafa mata magani ne na gaske, amma sai masani ya duba irin fatar mutum ya auna ƙarfinsa, kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabo. Ciwon zai warke. Tabon kuwa, ba ta yi alkawari ba.

A gida Hajiya ta rantse ba za a yi auren nan da yawunta ba. Abdullatif ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ba zan ƙetare maganarki ba. Amma ba zan nemi wata ba."

Haka damina ta shiga ta fita. Aka yanke gero, ko dawa ma an yanke, Allah Ya sani. Adawiyya na ɗaka tana shafa maganin likita, ƙawaye sun ɗauke ƙafa. Gwaggo Ma'u ba ta ƙara wanke amarya ba. In an aiko sai ta ce hannunta ya mutu.

Sumaiya ce ta kasa jurewa. Kullum tana ganin yayanta yana ramewa, ga wadda ta rufa mata asiri ba ta taɓa ambatar sunanta ba. Wata safiya ta faɗi gaban Hajiya ta fayyace komai, har da maganar ƙyanda.

Hajiya ta yi salati. "Ashe bakina ne ya fara ƙona ta," ta ce.

Ita da kanta ta hau mota zuwa Kusada ta ba Malam Sada haƙuri. Aka ɗaura aure ba kiɗa ba taro. Baƙin tabo bai bar kuncin Adawiyya na hagu ba har yau, kuma da shi take zaune lafiya a ɗakinta.

'Yan mata, abin da za ki yi wa jikinki kina ɓoye wa na gida, dakata tukuna. Manya kuma, in yaro ya yi kuka a tsaya a tambaye shi mi ya same shi, don ba kowane kuka ne na al'ada ba.