Hannun da Ya Saki Tukunya

Rana ta riga ta faɗa bayan tudun da ke saman kogin Krivaya lokacin da Fikreta ta gama juya pekmez, zumar tuffa da kowane gida ke dafawa da kaka. Tun hantsi take kan babbar tukunyar a tsakar gida, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Ladan ya fara kiran magariba daga masallacin gangare, tumakin maƙwabta sun shige garke. Wanke-wanke kaɗai ya rage.

'Yarta Almasa ta fito daga kicin ɗauke da tukunyar tafasasshen ruwa. Budurwa ce da ke ɗinkin takalma a masana'antar cikin gari, hannunta bai saba kuskure ba. Tana isowa ƙarƙashin indararo sai tukunyar ta suɓuce. Ba tuntuɓe ta yi ba. Yatsun damanta ne suka buɗe da kansu, ruwa ya malale yana tururi a daidai wurin da ake ja wa kowace yarinya kunne tun tana rarrafe: ba a zuba ruwan zafi nan da almuru, balle babu bisimilla.

"Kin ƙone?" in ji Fikreta.

"A'a, Mama. Santsi ne."

Fikreta ba ta kalli ruwan ba, hannun take kallo. Naman gindin babban yatsa yana motsi shi kaɗai a ƙarƙashin fata, ya tsaya, ya sake. Ta san wannan motsi farin sani. Da shi ciwon marigayi mijinta Zuhdiya ya fara: cokali ya faɗi, sannan finjalin gahawa, sannan ƙafafu suka ƙi, harshe ya yi nauyi, har ya zama ido kaɗai ke magana. Likitocin birnin Tuzla sun ce ciwon jijiya ne da ba shi da magani, sun kuma ce ba kasafai ake gadonsa ba. Wannan "ba kasafai" ɗin shi ne ya zauna mata a ƙirji tun daga ranar.

Kwanaki suka shuɗe, uwa da 'ya suna wasan ɓuya a gida ɗaya. Almasa ta koma shan gahawa da hagu, ta dinga cusa damanta cikin aljihun riga. In ta shiga ɗaki sai ta duƙufa kan waya tana karanta alamomin ciwon, ta miƙe ta gwada tafiya a kan duga-dugai, ta zaro harshe gaban madubi. Fikreta na gani ta tsagar ƙofa, ta koma kicin ta yi kukanta da famfo a buɗe.

Shuhra, tsohuwar maƙwabciyarsu wadda ba ta iya tauna magana ba, ta ce, "Ke Fikreta, motar Tuzla ba ta daina zuwa ba fa. Kai ta a duba."

"Gajiya ce. Keken ɗinkin nan ne."

"To, Allah ya sa. Ni dai na ga yadda kike bin hannun yarinyar da ido kamar kyanwa da nama."

Ba ta kai ta ba. Tsoro take kada a ba abin suna, sunan da ta riga ta sani.

Sai aka fara jifa. Da magariba ne, suna zaune ba su kunna fitila ba, dutse ya sauka a kan rufi, ya gangaro a hankali, ya faɗo ta indararo. Wani ya biyo baya. Fikreta ta leƙa, babu kowa a lambu, babu kowa a hanya. Da ta ɗauki dutsen ta ji shi da ɗumi kamar an ciro shi daga murhu. Washegari da almuru aka sake, aka ƙara da kukan jariri siriri daga ƙarƙashin dakalin ƙofa, gidan da rabonsa da jariri tun Almasa. Daga nan Almasa ta fara zama tana fuskantar bango, tana magana ƙasa-ƙasa da muryar da ba tata ba.

Abin da ba a faɗa shi ne Fikreta ta yi murna. Kunya ta hana ta nunawa, amma ranar da aka fara jifan ta ci abinci har ta ƙoshi. Aljani ne ashe. Aljani ana yi masa karatu, ana lallashinsa, yana fita. Wancan ciwon kuwa ba ya fita sai da ran mai shi.

Ta hau tudu da kanta ta roƙi Hafiz Reshad, dattijon malamin da ake kira kan irin wannan. Ya zo bayan la'asar, ya cire takalma a ƙofa, ya ƙi gahawa. Ya sa aka zaunar da Almasa a kan darduma, Shuhra ta riƙe kafaɗunta, shi kuma ya duƙa kusa da kunnenta yana karatu, bai ɗaga murya ba. Hasken taga ya dinga ja da baya. Can sai jikin yarinyar ya sanƙare, kanta ya juyo, idanun suka tsaya a kansa ba ƙiftawa.

"Ya isa, Hafiz. Kana ƙona ni." Murya ce ta mace, tsohuwa, a dishe.

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Mazauniyar ƙarƙashin indararo ce ni, tun kafin a kafa gidan nan. Ina ba ɗana abinci ta sheƙa mana tafasasshen ruwa. Bayansa duk ya saluɓe."

"Ba da gangan ta yi ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"In fita haka kawai?"

Aka shiga ciniki. Aljanar ta nemi a bar mata ɗakin yarinyar, Hafiz ya ce ko kusurwa ba za ta samu ba. Ta nemi a yanka baƙin rago, ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah. Daga ƙarshe ta sauko: a daina zuba komai mai zafi a wurin, a nemi gafararta da baki, ita kuma za ta kwashe ɗanta su koma bakin kogi. Hafiz ya sa ta yi rantsuwa, ta yi.

Nan ya kamata a tsaya. Amma Fikreta ta rarrafo gaba, ta kama gefen dardumar.

"Baiwar Allah, ni ce uwarta. Na roƙe ki gafara, ni da zuriyata. In za ki tafi, ki sakar mata hannun."

Idanun suka juyo kanta, suka daɗe.

"Wane hannu?"

"Na dama. Wanda kika riƙe."

"Jifa nawa ne. Kuka na ɗana ne. Hannu kuwa haka na same shi." Muryar ta yi laushi, abin da ya fi zagi ciwo. "Ke ma uwa ce, kina wurin. Hannun ne ya saki tukunya, sannan ruwa ya same mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"To ki tafi da shi. Ki ɗora mini, ni na tsufa."

"Ba na ɗaukar abin da ban kawo ba."

Hafiz ya ci gaba da karatu. Almasa ta yi atishawa, ƙafarta ta hagu ta girgiza, ta sulale jikin Shuhra. A waje wani abu ya gangara daga rufi ya faɗi, daga nan gidan ya yi tsit.

A bakin ƙofa, yana sa takalmi, Fikreta ta tare shi. "Hafiz, ai suna ƙarya, ko? Kowa ya san aljanu maƙaryata ne."

"Suna yi," in ji shi, bai ɗago ba. "Wani lokaci kuma su faɗi gaskiya. Ni nawa aikin ya ƙare, 'yar'uwa. Wanda ya rage na likita ne, kuma mai yiwuwa ba abin da kike tsoro ba ne. Ki kai ta."

Ta tsaya har ya ɓace a gangare. Tana son ta riƙe wannan "mai yiwuwa", amma ta taɓa riƙe irinta, ta san ba ta ɗaukar nauyin mutum.

Da ta koma ciki Shuhra ta kwantar da yarinyar ta lulluɓe ta, ta fice tana share ido da bakin ɗankwali. Almasa ta buɗe ido, nata na gaskiya, masu kama da na ubanta.

"Mama, ta tafi?"

"Ta tafi, 'yar nan."

"Duka?"

Ta zaro damanta daga cikin bargo, ta kasa kallonsa, ta miƙa wa uwarta. Fikreta ta karɓa da hannu biyu ta rufe shi ruf. A ƙarƙashin tafinta naman ya motsa, ya tsaya, ya sake.

"Yana yi, ko? Ina jin kamar yana yi."

"Nawa ne ke rawa," in ji Fikreta. "Tun safe ban ci komai ba. Yi barcinki, gobe da sammako za mu bi motar Tuzla."

Almasa ta dube ta, ta gyaɗa kai, ta rufe ido. Ba ta tambayi abin da za su je yi a Tuzla ba.