Zanin da Ke Tsagar Kwalekwale

"Zanin wace ce wannan, Haris?"

Na ɗaga ƙyallen da na zaro daga tsagar kwalekwalenmu.

Watanmu huɗu da aure, uku a kan ruwa muka yi su. Daga Haɗeja muke gangarawa fadama, shi da kamun kifi, ni da banda. Kullum da hantsi yana bin tsagogin katako da tsumma da kwalta, ni ina kwalfe ruwa da ƙwarya. Ina ruwana da tsumma? Sai jiya da 'Yar'azumi mai sarin kifi, wadda ta so shi kafin ni, ta tare ni a kasuwa.

"Amarya, ki dai duba da zanin wa ake toshe miki jirgi..."

Kuma wallahi irin atamfarta ce, shuɗiya mai ganye!

"Zulaihat, mayar da shi," ya ce a hankali. "Ruwa na shiga."

"Ya shiga! Sai ka faɗa min."

"Hasken idona, alkawari na yi..."

"Alkawari? Da ita?"

Na sake fizgo wani, dogo. Ruwa ya taso har idon sawuna, tukunyar miya ta fara yawo. A tsakiyar kogi muke, ni kuwa ko a kududdufi ban iya iyo ba. Amma kishi ya hana ni jin tsoro.

Ya danne tsagar da diddige.

"Duba bakin zanin."

Na duba. Ƙuna ce zagayayya, an ɗinke ta da jan zare.

Ni na yi ɗinkin nan, ranar da kaskon masa ya lashi zanin Inna. Ashe ankon wani biki ne a garinmu Auyo, rabin matan garin suna da shi. Innata, wadda ta daina yi min magana tun da na zaɓi masunci!

"Ranar da za mu taso Inna ta same ni ina gyara a bakin kogi, a gaban 'Yar'azumi," ya ce. "Ta kalli yagaggen buhun da nake cusawa ta yi tsaki. Da hannunta ta yayyaga wannan, ta ce auduga ta fi shan kwalta. Ta ce, ''Yata ba ta iya ruwa ba. Kuma kada ka faɗa mata, har yanzu fushi nake.'"

Na durƙusa cikin ruwan ina kuka, ina cusa ƙyallen inda na ciro shi. Kunya kamar ta kashe ni.

"Da bayan wuƙa, masoyiya, ba da farce ba."

"Ka yafe min..."

"Na yafe. Kwalfe mana ruwan tukuna."

Sai da ƙwarya ta fara kankarar katako na ɗago.

"Juya mu Auyo."

"Ta ce fa kada in faɗa!"

"Juya kawai. Zan ce mata ɗinkina na gane."