Malmala Ɗaya ta Yahuza

"Tabawa! Ina tuwon? Mene ne wannan a akushi?"

Tata ce, uwar Yahuza, tsaye a tsakar gidansu a ƙauyen Falanko. Ta buɗe akushin ɗanta ta tarar da dafaffen zogale, ƙwai biyu da ɗan cuku.

Tabawa, matar Yahuza, ta durƙusa. "Inna, abincinsa ke nan yanzu."

"A nan ƙasar Damargu? Rumbu maƙil da gero, ki riƙa ba ɗana ganye sai ka ce akuya!"

Wata uku ke nan Yahuza yana ramewa. Ƙishirwa ba ta sakinsa, kuma duk inda ya yi fitsari sai kiyashi su taru. Rissa, wani tsohon Buzu mai magani a kasuwar Tanut, ya ce wa Tabawa zaƙi ne ya yi wa mijinta yawa, a janye masa fura, dabino da zuma. Ita kuwa, don tsananin so, ta haɗa har da tuwo da koko.

Da fari ya ji sauƙi. Amma wata Laraba yana cikin noma, jiri ya kwashe shi, aka kawo shi gida ranga-ranga.

Tata ta ɗora hannu a ka. "Yunwa za ta kashe mini shi! Yahuza, yau sai ka saki matar nan!"

Hawaye suka wanke wa Tabawa fuska.

Daga kwance Yahuza ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Matar da ita ma ta bar cin tuwo don kada in yi kwaɗayi, ita zan saka?"

Tata ta yi turus. Sai yanzu ta lura da yadda surukarta ta zabge.

Aka kira Rissa. Da ya ji bayani, ya yi dariya har rawaninsa ya goce.

"'Yata, zaƙi na hana, ban hana tuwo ba! Manomi babu hatsi? Malmala ɗaya ƙarama, safe da yamma, miya ta fi yawa. In jiri ya dawo ku neme ni, kada ku yi gaban kanku."

Tun ranar Tata ke tuƙi, Tabawa ke kwasa.

"Ƙara masa kaɗan mana, 'yar nan!"

"Inna! In gaya wa Rissa?"

Sai su ƙyalƙyale da dariya.

Kafin kaka Yahuza ya koma gona, shi ya ɗaure dammansa da kansa. Haƙuri ya riƙe wa Tabawa aurenta, ya kuma ba ta uwa. Amma ta koyi darasi: komai son da kake wa mara lafiya, kada ka ƙara a kan abin da masani ya faɗa sai ka tambaya.