Tumbin Safara'u

Tun da Safara'u ta haifi 'yan biyu, cikinta ya ƙi komawa. An yi wankan jego, an ɗaure da zani, tumbi dai yana nan kamar an kifa ƙwarya. Ita ba ta damu ba, sai da Kubra, yayar mijinta Lukuman, ta zo hutu gidansu a unguwar Congo-Russia ta ƙi tafiya.

"Amarya, wata nawa ne kuma?" in ji Kubra.

"Babu komai, Yaya."

"Ƙanena yanzu oga ne a kamfanin kuza. Da wannan randar zai shiga fati? Shi ya aiko ni, kunyarki yake ji. Ko a rage, ko ki koma gidanku."

Safara'u ta rasa tudun dafawa. Miji ba ya tambayuwa don nauyi, Yaya ba ta musuwa. Sai ta shige madafi ta yi kukanta, ta ce hayaƙi ne.

Haka Kubra ta tasa ta gaba zuwa asibitin Dakta Emenike a Titin Bauchi, wanda ya koyo rage tumbi a ƙasar waje. Ya auna jininta, ya sa ta kwanta ta yi tari, ya danna cibiya, ya kamo fatar ya duba.

"Madam, ke kike son aikin nan?"

"Ita mana," Kubra ta cafe.

"Ba ke na tambaya ba, Hajiya. Madam, kin gama haihuwa? In na ɗinke, wani cikin zai warware aikina. Sai wadda ta gama nake wa."

"Gamawa? Da yara biyu tak? Mu gidanmu goma ake jerawa!" in ji Kubra.

"To, zaɓi ɗaya. Kuma a kira mijin."

Lukuman ya iso a fujajan, ya ji bayani, ya riƙe baki.

"Ni na aike ki? Yaya, ki ji tsoron Allah." Ya juya ga Safara'u da ke hawaye. "Ɗakin da Hasan da Husaini suka kwana zan sa a rushe? Me ya hana ki tambaye ni?"

Sannan ya shafa nasa tumbin. "Likita, in ragewa ake, fara da ni. Ko ɓera ban haifa ba."

Washegari Kubra ta haɗa akwatinta.

'Yan mata, haƙuri riba ne, amma duk saƙon da aka ce daga miji yake, ku ji shi daga bakin mijin.