Kuɗin Ruwan Fawwaz

Da hantsi aka kira Sufeto Zuhair Tarawneh. An tsinci gawar Fawwaz, mai ba ɗalibai rancen karatu da ruwa, a ofishinsa da ke Irbid.

Da butar gahawa ta tagulla aka fasa masa kai. A kan tebur ga finjali biyu, ɗaya an shanye, ɗaya cike har ya huce.

Zuhair ya tsura wa cikakken finjalin ido. A al'adar nan, dattijon da ya zo da roƙo ba ya taɓa gahawa sai an biya masa buƙata. Yaran zamani ba ruwansu da wannan.

Maƙwabta suka ce jiya wata Rawan, mai aiki a kantin magani, ta zo ta wanke Fawwaz tas da zagi. Zuhair ya same ta bakin aiki.

"Na zage shi, ban kuma yi nadama ba," ta ce. "Ya rantse mana za a cire min kuɗin ruwan daga haraji idan na fara aiki. Ofishin haraji suka ce rancen ɗan kasuwa ne, ba su san zancen ba. Shi ya ci, su su ci!"

"Wa ya tsaya miki?"

"Babana. Da gonar zaitunmu."

"Yana ina?"

"Ƙauye. Rabonsa da Irbid tun bara."

Ta faɗa da sauri fiye da kima.

A tashar mota wani direba ya ce da asuba ya kawo mahaifin Rawan daga ƙauye. Zuhair ya tarar da shi a gidan Rawan, ya naɗe hannun dama da tsumma.

"Baffa Abu Lais, me ya ƙona ka?"

Rawan ta shigo a guje. "Ni ce na..."

"Rufe min baki, 'yar nan!" Tsohon ya miƙe. "Gahawarsa ce ta ƙona ni, ɗana. Na je da furfurata na roƙe shi ya sassauta. Ya yi dariya, wai zaitun ɗina ma ya riga ya yi musu ciniki. Ni na buge shi. Rubuta da kyau."

Wani kofur da ke tare da Zuhair ya fito da ankwa.

"Mayar da abinka," in ji tsohon. "Wanda zai gudu ba ya zama jira."

Zuhair ya yi wa kofur alama ya bari.

A bakin ƙofa Abu Lais ya waiwayi 'yarsa tana kuka.

"Share fuskarki ki koma aiki. Ba don ki tsaya kallona na kai ki jami'a ba."

Shi ya riga su isa mota.